Hannaye Ashirin da Uku a Bangon Sito

A bakin layinmu akwai wani tsohon sito mai dogon bango. Taku talatin da biyu ne idan ni na taka, amma ni takuna gajere ne. Babana ne ya yi wa bangon zane tun ina rarrafe. Bai zana fuskar kowa ba. Hannaye ya zana, ashirin da uku, kowanne riƙe da abin aikinsa: na maƙeri da awartaki, na kafinta da zarto, na mai aski da aska, na Tela da almakashi. Kuma ba daga ka ya zana su ba. Sai mai hannun ya zo ya zauna a benci ya miƙa hannunsa, Baba yana kallo yana zanawa, har da tabo da kanta da farcen da ya fashe. Shi ya sa ko yaro ya san wane hannu ne na kakansa.

Na goma sha ɗaya daga hagu na Innata ne. Tana riƙe da kwarashin saƙa, jan zare ya zagaye ƙaramin yatsanta, wanda a lanƙwashe aka haife ta da shi. Ta rasu ina da shekara shida. Hotunanta biyu ne kacal, wata damina ruwa ya shiga ɗakinmu ya cinye su a cikin akwati. Ba zan ɓoye ba, fuskarta ta ɓace mini. Hannun nan na bango shi na sani.

Ni ana ce mini Hawainiya, saboda ba na sauri a tafiya, ba na sauri a magana, kuma kullum rigata da sabon launi. Aji huɗu na yi na bar makaranta na kama wa Baba wanke buroshi. Yanzu hannunsa rawa yake yi, ko kofin shayi sai ya riƙe da hannu biyu, don haka ni ke aikin. Aikin ma ya ragu. Masu buga allon talla da kwamfuta sun zo, cikin awa ɗaya su ba ka allon da ni zan yi kwana uku a kai. Shagunan layin duk sun sake suna, sun ɗauki sunayen biranen Babbar Ƙasa, waɗanda masu shagon ba su taɓa gani ba sai a fim. Mai askinmu ma ya manna hoton dogayen benayensu a ƙofa, ga tutarsu a hular kusan kowane saurayi. Cikin hannaye ashirin da ukun nan, tara ne kaɗai sana'arsu ke da rai. Maƙeri ya rufe tun da aka fara kawo wuƙaƙe a kwali. Saƙar hannu kuwa, wa zai jira sati biyu alhali ga ta inji jibge a kasuwa?

To, Babbar Ƙasa ta yi mana famfo. Tanki ne babba a kan ƙarafa, da kawuna huɗu, daidai gaban bangon sito. Mun yi murna, gaskiya, don da sai mun je bayan garejin motoci muke ɗebo ruwa. Sai dai da aka gama aka sa masa kwaɗo, aka ce sai Babbar Baƙuwa ta zo daga ofishin jakadanci ta buɗe.

Ranar wata Lahadi da hantsi ina wanke gwangwanaye, Tela ya ƙwalo mini kira daga shagonsa. Abokin Baba ne tun suna samari, bakinsa kuma ya fi almakashinsa kaifi.

"Hawainiya! Yau dai ka ɗaga ƙafa. Ga wasu can za su yi wa bangon babanka aski."

Na je. Na tarar da wani mutum mai farar riga, da kati rataye a wuya, yana ta duba agogo. Mai Kati muka sa masa. Ɗan ƙasarmu ne, amma ofishin Babbar Ƙasa yake wa aiki. Tare da shi akwai leburori biyu da injin gurza bango, da wani ɗan kwangila yana sosa ƙeya.

Na gaishe shi, na ce, "Ranka ya daɗe, bangon nan babana ya zana shi."

"Allah sarki," in ji shi, bai ko kalle ni ba. "Mai bango ya sa hannu. Ga abin da za a sa."

Ya nuna mini a wayarsa. Sama shuɗiya, tutarsu a gefe, wani ƙaton hannu ya sauko daga sama yana zubo ruwa, wani ɗan ƙaramin hannu daga ƙasa ya buɗe yana tara. Na daɗe ina kallon ƙaramin. Babu komai a cikinsa, babu tabo, babu kanta. Hannun da bai taɓa riƙe komai ba ne.

Ɗan kwangila yana cewa, "Yallaɓai, fentin mai ne a ƙasa, mai sheƙi. Sabo ba zai kama ba sai an gurje. Gurza kwana uku, farin shafe kwana biyu, sannan zane. Alhamis ba za ta yiwu ba."

"Alhamis ƙarfe goma take zuwa!" in ji Mai Kati. "Kana so a kore ni?"

Ni kaina a hankali yake aiki, amma yana aiki. Ina tsaye ina kallon injin nan, sai na tuna wani abu da Baba ke yi a gilashin shaguna idan za a rubuta an rage farashi. Na ce, "Ranka ya daɗe, kwana nawa kuke so zanen ya yi?"

Sai a lokacin ya dube ni. Ya yi dariya. "Kwana nawa? Alhamis a ɗauki hoto a aika can. Bayan nan ko akuya ta lashe shi, ba ruwana. Bango shida gare ni irin wannan a watan nan."

"To akwai fenti iri biyu. Akwai na shekara ashirin, shi ne sai an gurje. Akwai kuma na gilashi. A shafa ruwan sabulu a ƙasa, a dama hodar kala da farar ƙasa da ɗan ƙaro. Yana bushewa kafin ka sha ruwa, a hoto kuma ba ka bambanta su. Amma soso da bokiti suna tafiya da shi."

"Kwana nawa za ka gama?"

"Uku."

"Kai? An ce Hawainiya sunanka."

"Ƙafata ce ba ta sauri."

Ya ja ni gefe. "Na ba ka. Amma kada mai bango ya ji cewa na wucin gadi ne, shi gani yake har jikokinsa za su gada. Kada kowa ya ji sai an watse. Ka yi alkawari?"

Ban ji daɗin sharaɗin ba. Amma na dubi injin, na dubi hannu na goma sha ɗaya, na ce na yi.

Litinin da sassafe na jingina tsani na fara. Daga hagu na fara, da hannun maƙeri. Kafin rana ta ɗaga mutane sun taru. Ba wanda ya zage ni da farko. Tela ne ya fara magana.

"Kai, na ga ɗan da ya ci gadon uba, yau na ga wanda ya shafe shi da buroshi. Idan ka zo kan nawa ka yi a hankali, almakashin yana da kaifi."

"To, Kawu."

"To Kawu, to Kawu! Ɗana ya kwana uku a layi a ƙofar ofishinsu neman biza, minti biyu ba su ba shi ba suka ce ya tafi. Yau kai kake zana musu hannun kyauta a kan nawa."

Na ci gaba da shafawa. Na tsallake na goma sha ɗaya, na ci gaba da na sha biyu, na ce sai ƙarshe. Da azahar Yaya ta zo. Ita ce babbar 'yar Baba, da aurenta a layin bayanmu, ita ta yi mini wanka har na girma. Ta tsaya a gindin tsanin.

"Sauko."

Na sauko.

"Hannun Inna ma za ka rufe?"

"Eh, Yaya."

"Dube ni ka faɗa."

Na dube ta, na ce eh. Ban iya ƙarya ba, alkawari kuma ya ɗaure mini baki. Ba ta mare ni ba, da ma ta mara. Ta ce, "Ni na san fuskarta. Kai ne ba ka sani ba. Kanka ka cuta." Ta juya ta tafi. Na hau tsanin, na tsoma buroshi, na rufe hannun Innata da shuɗi. Sau biyu kawai na ja, ya ɓace.

Da la'asar na koma gida. Baba yana zaune a tsakar gida a kan kujerarsa. Labari ya riga ni zuwa. Ya ce in matso. Ya kama hannuna da nasa mai rawa ya kai hanci. Ya shinshina. Ya sake shinshinawa. Sai na ga gefen bakinsa ya motsa.

"Sabulu," in ji shi. "Da ƙaro. Ɗan banza."

"Baba, na yi alkawari ba zan faɗa ba."

"Ai ba ka faɗa ba. Ƙaron nawa ka sa?"

"Cokali huɗu a bokiti."

"Ya yi yawa, uku ake sawa. Saurara. A gilashi ba komai, amma wannan bango ne, kuma rana yake kallo. Kwana bakwai gare ka. Bayan haka rana za ta gasa ƙaron ya ƙanƙame, idan ka zo wankewa ya taso da na ƙasa. Alhamis da yamma ka wanke shi."

"Da an watse, Baba."

Na gama zanen Laraba da azahar. Ya yi kyau, ba zan rage wa kaina ba. Baba ya koya mini ko abin da ba ka so, idan ka karɓa, ka yi shi da kyau. Mai Sito, wato mai bangon, ya fito daga ofishinsa da tumbinsa yana ta murmushi, yana cewa yanzu wurin ya zama kamar ƙasar waje. Samari suka fara tsayawa gaban tutar suna ɗaukar kansu hoto.

Laraba da yamma Mai Kati ya dawo fuska a yamutse. An ɗaga zuwan. Babbar Ƙasa ta shiga wani faɗa a wata ƙasa mai nisa, jiragenta suna ta ruwan wuta, mu ma muna gani a talabijin ɗin mai aski. Baƙuwa ba ta da sukuni sai bayan sati biyu.

Na ce, "To bari in wanke, idan ranar ta matso in sake."

"Kada ka taɓa shi! Na riga na aika musu hotonsa. Idan na ga ko ɗigo ya goge, inji zan kawo a yi mai dalili."

Baba ma da na gaya masa ya girgiza kai. "Ko ya yarda ban yarda ba. Fentin shekara ashirin ba ya ɗaukar wanka biyu." Ya dubi hannayensa. "Inuwa. Idan rana ba ta gan shi ba, ba za ta gasa shi ba. Labule za ka yi masa na buhu, ka riƙa jiƙa shi."

Buhuna akwai su a sito. Na gaya wa Mai Sito za a yi labule don kada ƙura ta ɓata zanen kafin Baƙuwa ta zo, kuma hakan ba ƙarya ba ne. Ya ba ni guda sittin. Saura ɗinki. Na kai wa Tela.

"In ɗinka wa hannun sama riga? Kada sanyi ya kama shi? Hannun da a nan ruwa yake zubawa, a can wuta? Fita mini daga shago."

Na tsaya da buhuna a ka. Sai ga Baba ya shigo yana dogara sanda. Rabonsa da fitowa layi an fi wata. Ya ce mini in jira a waje. Ina jin sa yana cewa, "Ni dai ban yi wa kowa alkawari ba." Can sai na ji Tela ya fashe da dariya har da tari. Ya leƙo.

"Shigo da su, munafuki! Ashe hawainiya ba banza take canza launi ba."

Kwana ɗaya ya ɗinke su, falle biyu manya. Na kafa ƙusoshi a saman bango, na ɗaure igiya, na rataye su da ɗan tazara don kada su taɓa fentin. A nan na yi kuskuren da har yau nake jin sa. Da na yi hankali, da na haɗa bakin fallayen biyu na ɗinke. Amma sai na bar mahaɗarsu a buɗe, na kuma daidaita ta a kan hannu na goma sha ɗaya, don in riƙa zura hannuna ina taɓa wurin kowace safiya in ji ko fentin yana nan da laushi. Gani nake kulawa ce.

Daga nan aiki ya zama ɗebo ruwa. Famfo ga shi a gabana da kwaɗo, tanki cike, ni kuwa sai na je bayan gareji. Jarka goma sha biyu da safe, goma sha biyu da azahar, takwas da la'asar. Ina watsa wa buhuna da kofi har su yi sharkaf. Mutane suka ce na zautu. Mai aski ya ce, "Da ya san zai yi wa bangon ubansa rabin wannan hidimar." Kafaɗuna suka kumbura, tafin hannuna ya yi ruwa ya fashe. Idan na ji kamar in zauna, sai in zura hannu ta mahaɗar in taɓa shuɗin nan, in koma gareji.

Rana ta biyar ina dawowa da jarka, na ga wata mace a gabana da bokiti a ka, tana tafiya irin ta masu fushi. Yaya ce. Ta sauke a gindin bango ta fara watsawa, ba ta kalle ni ba.

"Yaya."

"Kada ka yi mini magana. Bakin Tela ba ya riƙe ruwa, shi ke nan." Ta watsa kofi biyu. "Ka bar ni ina kuka kwana tara, sakarai."

"Alkawari na yi."

"Ka yi wa kati alkawari, ka bar 'yar uwarka. Miƙo jarkar."

Tun daga ranar mu biyu muke yi, wani lokacin da mijinta.

Ranar ta zo, kwana goma sha bakwai da fara shafa fenti. An kafa rumfa, an jera kujerun roba, an raba wa 'yan makaranta ƙananan tutoci. Motoci biyar suka zo, masu baƙin gilashi. Babbar Baƙuwa ta fito, wata dattijuwa ce siririya, duk ta gaji, gumi ya jiƙa mata wuya. Ban ga mugunta a fuskarta ba. Aka yaye labule, aka tafa. Ta buɗe kwaɗo, ruwa ya zubo, aka sake tafawa, wannan tafin kam har da ni a ciki. Masu ɗaukar hoto suka matsar da wata yarinya nan, suka matsar da ita can, har hannunta ya zo daidai ƙarƙashin babban hannun.

Mai Kati ya jawo ni ya ce ga mai zanen. Ta riƙe hannuna, ta ga yadda tafin ya fashe, ta ɗan yamutsa fuska don tausayi. Ta yi magana, tafinta ya juya mana: "Ta ce ka iya aiki. Ta ce an gaya mata da bangon nan babu komai sai datti, yanzu ga shi ya zama abin alfahari."

Baba yana kusa da ni a kan kujera. Ya ce wa tafintan, "Ɗana, gaya mata mun gode da ruwa, Allah ya saka. Amma a gyara mata zance. Akwai hannaye a bangon, kuma babu ko ɗaya da yake a buɗe yana jira. Kowanne da abin da ya riƙe."

Tafinta ya dubi Mai Kati. Ya faɗa mata wani abu gajere, kalma uku ko huɗu. Ta yi murmushi ta dafa ƙirji. Tela ya ce a kunnena, "Rabin farko kaɗai ya haye." Minti goma sha ɗaya suka yi, na duba a agogon mai aski. Mai Kati yana shiga mota ya ce mini, "Shi ke nan, na sake ka."

Saura Mai Sito. Na same shi yana tsaye gaban bango hannu a baya. Na gaya masa komai, daga sabulu har ƙaro. Fuskarsa ta canza.

"Wato ni aka mayar ɗan fari? A bangona?"

"Ka yi haƙuri, Kawu. Inji na gani, na rasa dabara."

"To ba za a wanke ba. Bangona ne. Ka ga yadda mutane ke zuwa ɗaukar hoto? Wancan tsohon zanen wa ke kallonsa? Ni kaina na manta da shi."

Samari da ke wurin suka goyi bayansa. Ɗaya daga cikinsu, mai gyaran waya, ya ce, "Ai gaskiya ne. Hannayen matattu ne. Namu babu a ciki."

Rana tana tsaka, labule a ƙasa, ina jin zafinta a ƙeyata kamar ni take gasawa. Na ce, "Kawu, bangonka ne. Ko ka bari ko ka hana, ruwan sama na farko zai zubar da shi, ya bar maka dabbare-dabbare. Amma ba wannan nake roƙo ba. Ka ba ni taƙi ɗaya. Idan ka gani ka ce in mayar, ga sauran fenti a gwangwani, in mayar."

Ya yi tsaki, amma bai ce a'a ba. Na tari ruwa a sabon famfo. Na ƙirga daga hagu, ɗaya, biyu, uku, huɗu. Na sa soso a hankali. Shuɗin ya narke ya gangaro. Da farko baƙin ƙarfe ya fito, ƙugiyar ɗaukar buhu. Sannan yatsu, kaurara, babban yatsan babu farce. Mahaifin Mai Sito ne. Ɗan dako ne shi a wannan siton shekara talatin kafin ya saye shi, buhu ne ya faɗo ya cire masa farcen.

Mai Sito ya matso. Ya daɗe yana kallo. Shekara ashirin yana wucewa ta gabansa ido ya saba, sai da ya yi kwana goma sha bakwai babu shi. Ya ɗaga nasa hannun mai zobba biyu, ya kalla, ya mayar baya.

"Da wannan yake kama mini kunne," in ji shi. Ya juya ya shiga ofis. Na ɗauka ya tafi ke nan. Sai ga shi ya fito da bokitin da ake wanke motarsa. "Kai, ku samari, ku gama hotunanku. Minti biyar na ba ku."

Tela ya kawo tsummoki. Mai aski ya kawo soso yana sunkuyar da kai. Na roƙe su kada kowa ya dirza, a jiƙa a jira, a shafa kamar ana wanke jariri. Hannaye suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya, kowa yana kiran nasa. Tela yana cewa, "Ruwansu, zanensu, mu dai soso muka sa. Wannan shi ake kira taimakon juna."

Na goma sha ɗaya ban bar wa kowa ba. Na jiƙa, na jira. Na shafa. Kwarashi ya fito, tafin hannu ya fito, yatsu uku suka fito. Da na zo kan ƙaramin yatsa sai na ji fentin ya yi tauri kamar ɓawon ƙwai. Nan ne mahaɗar labule. Kullum da azahar, ina can bayan gareji, iska na buɗe ta, rana na shiga ta wannan siririyar kafa. Na ƙara ruwa, na jira, na ƙara. Na sa yatsa a hankali. Shuɗin ya ɓantaro, ya taho da abin da ke ƙarƙashinsa. Ƙaramin yatsan Inna da jan zaren suka zauna a tafin hannuna, gutsure-gutsure. A bango sai farin siminti.

Ban san na zauna a ƙasa ba. Hannaye ashirin da biyu lafiya lau, sai wanda na fi tsarewa. Na ce wa Baba, "Ni na yi. Ni na bar kafar."

Ya sa aka matso da kujerarsa. Ya duba wurin da kyau. "Yatsa ɗaya ne," in ji shi. "Da inji ne fa?"

"Ba zan iya mayar da shi ba. Ka ce ba a zana hannu daga ka. Na kalle shi sau dubu, amma yanzu na rufe ido ban ga yadda ya lanƙwasa ba."

"Ni kuma ina gani, hannuna ne ba ya bi."

Yaya tana tsaye a bayanmu da bokiti. Ta ajiye shi. Ta goge hannunta a zani, ta miƙo shi saitin hancina.

"Shekara nawa kana cin abinci daga hannun nan, makaho?"

Na duba. Ƙaramin yatsanta a lanƙwashe yake, ya leƙa waje kamar yana gulma. Ban taɓa lura ba.

Washegari na kankare wurin, na yi farin shafe, na bar shi kwana biyu. Ranar ta uku aka fito da benci. Yaya ta zauna, Tela ya kawo jan zare ya naɗa mata. Na dama fentin mai, na shekara ashirin. Baba yana gefe yana cewa, "Ƙara ƙasa-ƙasa. A'a, ya yi yawa. Dubi gaɓar, kada ka dubi farcen." Yaya tana cewa hannunta ya sage, wai tun da take ba ta taɓa ganin mai zana yatsa ɗaya daga hantsi har la'asar ba. Idan ka matso sosai za ka ga inda sabo ya haɗu da tsoho. Ban ɓoye shi ba.

A ƙarshen bango daga dama akwai fili, taku huɗu, da Baba ya bari. Na sami mai gyaran waya na ce ya zo da ɗan sukudirebansa ya zauna. Ya yi ta noƙewa, wai shi ba tsoho ba ne, amma ya zo, har da yanke farce, na ce da ya bar shi yadda yake. Bayansa na nemo mutumin da ya haɗa mana bututun famfo, na zana nasa da sifana. Ƙaramin allon ƙarfe mai sunan Babbar Ƙasa yana nan a jikin tanki, ba wanda ya taɓa shi, ni ma nakan goge masa ƙura. Ruwa sun ba mu, ba a musu.

Yanzu hannaye ashirin da biyar ne. Saura wurin biyu. Tela ya ce in zana nawa da buroshi, na ce sai na ga wanda zai zauna mini a benci. Ya ce idan ni zan zana kaina, kafin in gama shi ya riga ya koma cikin hannayen matattu. Gobe mai ɗinkin takalma ce za ta zauna, ta ce ƙarfe takwas. Na riga na wanke buroshi.